Mace Mai Inci Arba'in da Biyu

Lahadi

Gwaggona ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, idon kuma yana ta samun sauƙi. Mama tana gaishe ki, ta ce ki daina taurin kai ki riƙa ɗiga maganin a kan lokaci. Ba ni na faɗa ba, saƙo aka ba ni. Ita ma ƙafar da sauƙi, jiya har bakin titi ta taka da kanta.

Gwaggo, likitan nan naki da ya hana ki kallon waya wata uku, wallahi ni ya hukunta. Ga shi kin tafi jinya gidan gona, inda sabis sai an hau tudu. Rabona da riƙe biro haka tun da na bar makaranta a aji huɗu. In kin ga kuskure ki rufe ido. Au, yi haƙuri! Ki kau da kai nake nufi. Da a waya ne da nan na jera miki fuskar dariya uku.

To ga maganar. Kin san shekarata uku a shagon ɗinkin Madam, ina kalmasa da saka botin a kujerar bayan ƙofa, wadda duk mai shiga bayi sai na ɗaga masa ƙafa. Baba Mai Almakashi, wanda yake mana yanka, hannunsa ya fara rawa, ƙarshen wata zai ajiye aiki. Madam ta ce daga waje za ta ɗauko wani. Ni kuwa teburin yankan nan ko a mafarki shi nake gani.

Sai ga aiki ya zo daga kamfanin sabulu: rigar aiki doguwa, shuɗiya, mai aljihu biyu, ta mata ɗari da ashirin. Tsawo ɗaya ne ga kowa, ƙugu ne kawai abin lura. Sun kawo yadin da kansu, daidai na mutum ɗari da ashirin, ko ƙyalle babu ƙari. Amma manajan ya ce ba zai tsayar da inji don a auna mata ɗari da ashirin ba. Madam har ta fara cewa a mayar musu da kayansu.

Bakina ne ya buɗe da kansa. Na ce, "Madam, ai ba sai an auna kowa ba. Akwai ilimin da ake ce wa ƙididdiga, gwaggona ma shi take koyarwa a kwaleji." Ban faɗa mata cewa ke da mahaifina kaka kawai kuka haɗa ba, kuma sau huɗu na taɓa ganinki. Na dai ce a jini yake. Kuma ba ƙarya na yi gaba ɗaya ba, bidiyo bakwai na kalla a waya, na 'yan koyo.

Madam ta kalle ni ta saman tabarau ta ce, "Ke Aku, almakashi ba sitatus ɗin waya ba ne da zai goge kansa gobe. In kin yi daidai teburin naki ne. In yadin mutane ya lalace, ki ɗauki jakarki."

Na ce na yarda.

Ƙawata Tsinke a kamfanin take aiki, ita ta saka ni a gurup ɗinsu na waya. Na ce kowacce ta turo min awon ƙugunta. Mutum goma sha takwas suka amsa. Na haɗa duka na raba gida goma sha takwas kamar yadda mai bidiyo ya yi, ya ba ni inci talatin da shida. Ke nan duk ƙananan riguna za mu yanka, har yadi ya yi saura! Ki duba min kawai ki ce 'yarki ta yi ƙoƙari. Direban motar kaya zai kawo miki, ya ce duk kwana uku yana bi ta wajenku.

'Yarki,
Aku

Laraba

Aku 'yar albarka,

Wa alaikis salam. Na samu takardarki, na karanta da madubin ƙara girma, layi layi. Ido da sauƙi. Ki ce wa mamanki maganin ina ɗigawa, ita ta ji da ƙafarta. Kada ki yi mamakin girman rubutun nan, minti goma aka yarda min in yi sannan in huta.

Haɗawarki da rabawarki daidai ne. Abin da kika fitar shi muke kira matsakaici. Amma tambaya ɗaya zan yi miki, wadda nake yi wa ɗalibaina a makon farko: su wa suka amsa?

Wa yake zama a gurup yana amsa saƙon baƙuwa cikin minti biyu? Irinku ne, 'yan mata masu waya a tafin hannu. Matar da take da yara biyar, wadda wayarta tana ƙasan jaka sai an kira sau uku, ta amsa miki? Kuma tun da nake ban taɓa ganin macen da ta faɗi gaskiyar ƙugunta a gaban jama'a ba.

Kin taɓa ganin mai sayen hatsi ya ɗebi na saman buhu ya ce ya gani? Ƙarfe yake sokawa a ciki, a gefe, a ƙasa, don ya san mai kyau ake ɗorawa a sama. Matan nan ɗari da ashirin su ne buhun. Waɗanda za ki auna su ne samfuri. In samfuri ya karkata gefe ɗaya, duk iya lissafinki ƙarya zai haifa miki.

Ga abin da za ki yi. Ki karɓo sunayensu duka. Ki rubuta kowane a 'yar takarda, ki zuba a mazubi ɗaya, ki girgiza sosai, a zaro talatin ido rufe. Wadda ƙuri'a ta faɗa wa ita za ki auna, ba wadda ta yi miki murmushi ba. Kuma da tef ɗinki, da hannunki. Mutum talatin manaja ba zai hana ba.

In kin gama ki fitar da matsakaici, shi zai nuna miki hanya.

Idon ya fara ruwa, bari in tsaya.

Gwaggonki

Alhamis ta sama

Gwaggona, malamar malamai,

Gaisuwa mai yawa. Ya idon? Mama lafiya lau, ta ce ta ji saƙonki, kuma za ku haɗu.

Wallahi da na karanta takardarki sai da na ji kunya ni kaɗai a ɗaki. Na koma gurup na duba hotunan waɗanda suka amsa, ashe duk 'yan ɓangaren saka sabulu a kwali ne, sa'o'in Tsinke, ba wadda ta wuce ashirin da biyar. Na yarda, na saman buhu na ɗiba.

Na yi yadda kika ce tas. Sakatariyar manaja ta ba ni sunaye, na yayyanka takardu ɗari da ashirin, na zuba a gwangwanin botin. Madam da kanta ta rufe ido ta zaro talatin, tana cewa ita dai ba ta taɓa ganin ɗinki da ƙuri'a ba. Manaja ya ba ni hutun rana na kwana biyu, rabin awa rabin awa, a ɗakin da suke canja kaya.

Gwaggo, da kin ga dirama! Sunan Tsinke bai fito ba, ta kumbura baki wai ita ta saka ni a gurup amma na yi mata butulci. Na ce ba ni ba ce, gwangwani ne. Wata kuma da ƙuri'a ta faɗa wa ba ta zo aiki ba, Tsinke ta ce to ga ta nan a madadinta. Na ce a'a, gwaggona ta hana. Washegari na kama matar a bakin famfo na auna ta.

Akwai wata Maman 'Yan Biyu, ta ɓangaren yanka sabulu, shekararta goma sha tara a kamfanin. Tana ganin tef ɗina ta ce, "Ke yarinya, wannan igiyar taki za ta kai kuwa, ko a ƙulla biyu?" Da na zagaya sai ta shanye ciki ta daina numfashi. Na ce, "Mama, ƙugu nake aunawa, ki saki cikin kada ki faɗo mana." Ɗakin ya ɗauki shewa. Ta ce in rubuta arba'in. Na rubuta hamsin da biyu, ta leƙa ta ce Allah ya isa tsakaninta da tef.

Yanzu ki zauna da kyau. Na haɗa talatin ɗin, ya ba ni dubu ɗaya da ɗari biyu da sittin. Na raba gida talatin. Arba'in da biyu cif, ko ɗigo babu!

Kin san muna da kwalin yanka guda uku rataye a bango: ƙarami, matsakaici, babba. Na ciro na tsakiyan na duba. Baba ya rubuta a jikinsa tun kafin a haife ni: MATSAKAICI, 42. Tsigar jikina ta tashi, Gwaggo. Kin ce matsakaici zai nuna min hanya, ga shi har sunan ɗaya, har lambar ɗaya. In wannan ba ilimi ba ne to mene ne?

Baba ne kawai yake gunaguni. Wai shi shekararsa arba'in yana yanka, bai taɓa ganin mata ɗari da ashirin masu ƙugu ɗaya ba. Na ce, "Baba, kimiyya ce." Ya ce, "To, Allah ya ba kimiyya sa'a."

Litinin za mu fara yanka, duka ɗari da ashirin a kan matsakaici. Ga lambobin na kwafo miki yadda na auna su, don ki nuna wa ɗalibanki in kin koma:

36, 48, 35, 49, 36, 50, 41, 37, 48, 34, 47, 36, 52, 35, 49, 38, 46, 36, 48, 37, 43, 50, 36, 47, 35, 49, 41, 37, 48, 36.

'Yarki mai jiran gado,
Aku

Lahadi

Aku,

KADA KI YANKA.

Gaisuwa ta biyo baya, ina lafiya. Takardarki yau ta iso. Na sa maƙwabcina ya hau tudu ya kira ki sau biyar, sau biyar kina kashewa. Direba kuma ya ce motarsa tana wurin gyara, bai san ranar tashi ba. Ina rubutawa ne dai, Allah ya sa ta riga almakashi.

Ba ki juya takardata ba ne? Bayan idon ya huta na ƙara magana a baya. Na ce matsakaici hanya ce ta farko kawai, kada ki tsaya a kansa, ki jera lambobin daga ƙarami zuwa babba ki ga inda suka taru. Laifina ne da na sa hannu a gaba.

Matsakaicin lissafi daban, matsakaicin tela daban. Suna ne kawai ya haɗa su. Shekarata hamsin da takwas, taki ashirin da biyu. A haɗa a raba biyu, arba'in. To tsakanin ni da ke wace ce mai shekara arba'in? Je ki nemo min ita.

Na bi lambobinki da madubi har sau biyu. Ki sa yatsa ki bi su ke ma, ki nuna min mace ɗaya mai arba'in da biyu. Babu ita, Aku. Rigar da ba ta da mai ita za ki ɗinka sau ɗari da ashirin.

In takardar nan ta makara, kada ki ɓoye wa Madam komai. Ki faɗa mata da bakinki kafin yadi ya faɗa mata.

Gwaggonki

Laraba

Gwaggo,

Ina gaisuwa, ina fata ido lafiya. Shiru ban ji daga gare ki ba, direba ma ban gan shi ba. Ki yi haƙuri yau gaisuwar gajeriya ce, cikina cike yake da magana.

Litinin mun yanka guda ashirin. Da ni ce da mun yi hamsin, amma Baba sai jan jiki yake, ya wasa almakashi, ya sha ruwa, ya sake wasa almakashi. Na ɗauki ta farko na ɗinke ta tsaf a ranar. Ta yi kyau, Gwaggo, aljihun nan kamar a shagon manya. Sai na ce ai wannan sitatus ya kamace ta. Amma riga a rataye ba ta jan ido, sai a jikin mutum. Bari in nemo wadda za ta zauna wa cif in ɗauke ta hoto.

Na ɗauko littafina ina bin lambobi da yatsa, ina neman mai arba'in da biyu. Na kai ƙasa. Na ce kai, na tsallake. Na dawo sama. Na sake bi. Babu! Amma na ce ai riga ce, za ta yi wa kowa haka nan.

Jiya da hutun rana na kai ta kamfanin. Tsinke ta fara sakawa. Wallahi kamar an rataya riga a ƙusa, aljihun yana gwiwarta, ta ɗaga hannu ta ce, "Akwai wurin haya a ciki, wa yake so?" Sai Maman 'Yan Biyu ta ce a ba ta. Ta shiga ta kai, ta wuce kafaɗa, tana zuwa ƙugu ta ce nan na tsaya. Ba gaba ba baya. Hannuwanta a sama tana ihu, "Ku cire ni! Yarinyar nan ta saka ni a buhu!" Mutum uku suka ja, sai ji muka yi ɓarrr, gefe ya buɗe.

Kowa yana dariya ban da ni. Ko hoton ban ɗauka ba. Ban san lokacin da na iso shago ba, tun daga ƙofa nake cewa, "Baba, ajiye almakashi!" Ya ɗago a hankali ya ce, "Ai tun safe wasa shi nake yi, 'yar kimiyya." Ko ƙyalle bai ƙara yankawa ba. Na ji kamar in durƙusa masa.

Na rasa abin yi, sai na ja layi da alli a kan teburin yanka, na rubuta 34 har zuwa 52. Na juye gwangwanin botin. Kowace mace botin ɗaya, a kan lambarta, in lamba ta maimaitu in ɗora a sama. Da na gama na ja da baya. Gwaggo, tudu biyu ne! Ɗaya a wajen talatin da shida, botin goma sha huɗu, 'yan matan kwali. Ɗaya a wajen arba'in da takwas, botin goma sha uku, iyayen ɓangaren yanka. A tsakiya kwari, botin uku kacal suna zaune kamar marayu. Kan arba'in da biyu kuwa alli ne kawai.

A haka Madam ta shigo da ledar zare. Ban jira ta tambaya ba. Na nuna mata rigar da ta yage, na nuna mata botin, na faɗa mata komai. Ta ajiye ledar a hankali, irin ajiyewar da ta fi jifa ban tsoro.

"Nawa kuka yanka?"

"Ashirin."

"Jakarki tana ina?"

Na ce, "Madam, tana bayan ƙofa, ba ta gudu. Ki ba ni minti biyu." Na ce talatin sau huɗu ne ɗari da ashirin, don haka kowane botin mace huɗu ne. Ƙanana hamsin da shida, matsakaita goma sha biyu, manya hamsin da biyu. Cikin ashirin ɗin da muka yanka goma sha biyu suna da masu su. Baba ya sa baki ya ce takwas ɗin zai rage su su koma ƙanana, abin da ya fita a yi aljihu da shi, ai babba yana komawa ƙarami, ƙarami ne ba ya komawa babba.

Madam ta ce, "Na ji. Manya hamsin da biyu fa? Yadin na mutum ɗari da ashirin matsakaita ne. A ina za ki samo na ƙugun Maman 'Yan Biyu sau hamsin da biyu? Zuwa Asabar ki nuna min ya isa, ko ki san inda dare ya yi miki."

Ni kuwa tun jiya wani abu yake min yawo a kai. Kowace Tsinke tana barin inci shida a kan arba'in da biyu. Kowace babba tana cin wajen inci shida a sama. Abin da wannan ta bari waccan ta cinye. Ai shi ya sa da na haɗa na raba ya dawo arba'in da biyu tun farko! Ke nan yadin ya isa. Ina ji a jikina daidai ne, kuma wannan karon ba tsigar jiki ba ce, na lissafa sau uku. Gobe ni da Baba za mu shimfiɗa kwalin babba kusa da na ƙarami mu gwada da alli kafin almakashi ya taɓa komai.

'Yarki,
Aku

Ƙari: Ina liƙe ambulan direba ya shigo da takardarki ta Lahadi. Na karanta a tsaye. Na ciro tsohuwar daga jaka na juya. Ga rubutu nan ɓaro-ɓaro, rabin shafi! Gwaggo, ni fa waya na saba da ita, waya kuwa ba ta da baya. Kuma baƙuwar lambar nan ashe ku ne? Na ɗauka masu cewa na ci kyauta ne, har bulok na yi mata. Ki ba maƙwabcinki haƙuri.

Asabar

Aku 'yar albarka,

Lafiya lau nake, jiya aka rage min maganin zuwa sau biyu. Na yi dariyar Maman 'Yan Biyu har idon ya yi ruwa, likita bai hana wannan ba. Ki gaishe min da Baba, ki ce malama ta sara masa.

Lissafinki na yadi daidai ne, kuma ba ni na koya miki ba. Matsakaici bai yi ƙarya ba, tambayar da ba tasa ba kika yi masa. Tambaye shi yadi nawa zai isa kowa, zai faɗa miki gaskiya. Tambaye shi rigar wa za a yanka, sai ya nuna miki matar da babu.

Abin da kika yi da botin, sai mako na uku nake kai ɗalibai wurin, su kuma da takarda mai layi-layi suke yi. Ki riƙe sunayen. Lambar da botin ya fi tsawo a kanta, talatin da shida, ita ce mafi maimaituwa. In kin jera matan a layi daga siririya zuwa mai jiki, wadda ta tsaya a tsakiyar layi, arba'in da ɗaya, ita ce ta tsakiya. Daga talatin da huɗu zuwa hamsin da biyu, inci goma sha takwas, ita ce tazara. Da tazarar kaɗai kika duba da kin san riga ɗaya ba za ta rufe su ba.

Saura abu ɗaya. Talatin ba ɗari da ashirin ba ne. Samfuri kusa yake kai mutum, ba ya kai shi har ɗaki. Ki ɗinka ɗari da goma, ki bar yadin goma a naɗe. A raba, waɗanda suka rasa daidai su ki auna su ki yanka musu.

Na duba, babu komai a bayan wannan.

Gwaggonki

Lahadi, bayan mako biyu

Gwaggona ta kaina,

Assalamu alaikum. Ya ƙarfin ido? Mama ta ce saura wata ɗaya a sake ki, ta fara shirin zuwa da ƙafarta sabuwa. Na juya takardarki duk da kin ce babu komai. Yanzu ko rasit aka ba ni sai na juya.

Takardarki ta same mu mun riga mun gwada da alli. Babba ɗaya da ƙarami ɗaya gefe da gefe, wurin matsakaita biyu suka ci, har da ɗan sarari. Madam ta auna da tef ɗinta sau biyu, sannan ta ɗauke jakata daga bayan ƙofa ta rataye a ƙusa. Shawarar goman nan kuwa ta cece mu. Ni na ce ƙanana hamsin da shida, matsakaita goma sha biyu, manya hamsin da biyu. Da aka gama rabo, hamsin da huɗu ne, da goma sha biyar, da hamsin da ɗaya. Kusa, amma ba har ɗaki ba, kamar yadda kika ce. Goman ƙarshe ni na auna su, ni na yanka, Baba yana zaune yana kallo hannu a aljihu. Yadin da ya rage bai fi a yi ɗankwali biyu ba.

Maman 'Yan Biyu ta saka tata ta yi juyi a tsakar ɗaki, ta zura hannu a aljihu ta ce, "Yau dai an ɗinka wa mutum riga, ba a ɗinka wa lamba ba." Tsinke ta ce in ɗauke su hoto. Na ɗauka, ya samu kallo ɗari uku da tara.

Jiya Baba ya yi sallama. Ya goge almakashin da gefen rigarsa, ya miƙo min ta wajen mariƙi ya ce, "Ungo, 'yar kimiyya. In kin ga abu bai kwanta miki ba, ki tsaya wasa shi." Na karɓa da hannu biyu, hawaye ya zubo min.

Ban gama share ido ba Madam ta fito daga ofis da wani yadi nata na kanta, mai tsadar nan da take ɓoyewa a ƙasan kabad shekara biyu ba ta yarda kowa ya taɓa ba. Ta shimfiɗa a teburina. Teburina, Gwaggo! Ta ce, "Mai yanka, fara da ni." Ta ɗaga hannuwa.

Na zagaya tef a ƙugunta. Na duba. Na sake dubawa. Dariya ta kama ni har na zauna a ƙasa.

"Ke lafiyarki? Nawa ne?"

Na ce, "Madam, wata guda ina nemanki a kamfanin sabulu."

Arba'in da biyu, Gwaggo. Cif.

In kin koma gida ki aiko min da littafin 'yan shekarar farko, ko tsoho ne. Bidiyo bakwai sun kai ni bakin rami, ina so in ga abin da littafi guda zai yi. Ke kuma ki turo awonki in ɗinka miki ta fitowa daga jinya. A'a, bari. Zan zo in auna da hannuna.

'Yarki mai almakashi,
Aku

Ƙari: Lambar Madam ban saka a sitatus ba. Ke kaɗai na faɗa wa.